Kafaɗata Ba Ta Kai Makarar Baba Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya Masar, ya karatu, ya iyali? Mu nan Fammar lafiya lau.

Yaya, tun jana'izar Baba na kasa sukuni. Da aka ɗauki makara na kutsa in sa kafaɗa, amma ba ta kai ba. Ina ta ɗage har Kawu Isa ya janye ni, ya ce, "Bar wa dogaye, kar ta karkace."

An ce a can likitoci na karya ƙafa su ƙara wa mutum tsawo. Don Allah tambayo min. Da Inna ta ji cewa ta yi, "Halittar Allah za ka gyara?" Ya zan ce mata nata ɗaukan nake tunani?

Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara.

Ƙaninka,
Habu