Sunan da Inno ta ƙi faɗa a kotu

Zangon Agege,
9 ga Yuli, 1947.

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali a can Kano. Allah ya ƙara rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Matata Zuliha ta sauka, an sami mace.

Maganar gonar goron Baba ce, wadda Idi dillali yake cewa tasa ce. Ranar Talata muka kai Inno kotun gunduma ta ba da shaida. Ka san ni kafinta ne, ko'ina na shiga sai na ɗaga kai in dubi gini. Ginin tubali ne mai doguwar baranda, tagogin katako, rufin kwano, sai dai wanda ya kafa ƙofar bai iya aiki ba. Sama da kujerar alƙali akwai hoton Sarkin Ingila, da zaki da wani doki mai ƙaho ɗaya. A bango an jera hotunan sojan Hausa na dā, da jar dara, ba takalmi, ga tsoffin bindigoginsu a akwatin gilashi. Inno ko kallo ba su ishe ta ba.

Da aka kira ta, alƙalin, Bature ne, ya tambayi sunan mijinta. Ta ce mai gidan ne, Allah ya jiƙansa. Ya tambayi sunan ɗan da Baba ya damƙa wa gonar. Ta ja mayafi, ta ce yaron ne. Tafinta Bayarabe ne, ya iya Hausar kasuwa amma bai san kunyar ɗan fari ba, sai ya gaya wa alƙali wai tsohuwa ba ta san sunayensu ba. Na miƙe zan yi bayani, ɗan sanda ya zaunar da ni. Idi har da murmushi. An ɗaga shari'a zuwa ƙarshen wata, kuma in ba ka tsaya da kanka ba, gonar ta tafi.

A hanya na yi mata faɗa, ta ce gara a kwashe goron duka da ta kama sunanka a gaban mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka gaida Yaya Rabi da su Audi. Batulu da Fatu suna gaisuwa. Na tambayi Inno ko tana da saƙo, ta ce a gaya wa wancan na Kano ya hau jirgi, idonta ya fara raguwa.

Naka ƙane,
Shitu.