Na Zuba wa Mota Magani, An Kira Direbana Ɓarawo

Malam, don girman Allah ka taimake ni, kada ka jefa takardar nan a kwandon shara don ka ga maganar mota ce. Na san filinka a jaridar nan na masu rikicin aure ne da masu faɗa da surukai. Ni nawa rikicin daga tankin mai ya fara, amma yanzu ya kai ga mutuncin wani dattijo, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagawa.

Maigidana ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mini 'ya'ya huɗu da babbar mota guda mai shan dizal, wadda ke ɗaukar kaji daga gona zuwa kasuwa. Da ita muke ci, da ita yara ke karatu. Direbanta wani dattijo ne da ake kira Baba A-Hankali, saboda ko mai keke ne ya wuce shi a hanya ba ya ƙara wuta. Shekara goma sha tara yana tare da mu. Shi ya kai ni asibiti ranar haihuwar autata, a gaban motar nan, ina ihu yana cewa in yi haƙuri akwai ramuka.

Ba zan ɓoye maka ba, tun bayan rasuwar nake jin haushinsa. Ba ya raina ni a fuska, amma duk abin da na ce sai ya sunkuyar da kai ya ce marigayi ba haka yake yi ba. In na ce a canja taya, marigayi. In na ce a canja gidan mai, marigayi. Ga kuma ƙanin maigidana, wanda yara ke kira Baffa, kullum zancensa ɗaya, wai mace da mota ba sa shiri, in miƙa masa makulli in huta. Har 'ya'yan cikina in ana maganar mota bakin Baba suke kallo, ba nawa ba.

Kwanakin baya motar ta fara baƙin hayaƙi. Da safe sai an yi ta lallashinta kafin ta tashi, in ta hau tudu tana tari kamar mai asma. Baba ya ce nozul ne suka gaji, wato 'yan bakunan nan da ke fesa mai cikin inji, kuma tanki rabonsa da wanki tun kafin ciwon maigidana. Ya ce a ajiye ta kwana uku a gareji. Na ce mai gona ba zai jira mu kwana uku ba. Ya ce da marigayi ne da ya ajiye. Wannan kalma ita ta tashe ni tsaye, na ɗauki mayafi na tafi layin masu kayan gyara ni kaɗai.

Mai shagon ya tarbe ni da Hajiya mai mota, har da jawo mini kujera, abin da ba wanda ya taɓa yi mini a harkar nan. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan zinariya, ya ce maganin wanke nozul ne, a tanki ake zubawa, mota na tafiya tana wanke kanta, ba sai an kwance ko ƙusa ba. Tsakani da Allah ya ce kwalba ɗaya ga cikakken tanki. Ni ce na yi tunani irin na mai wanki, cewa in dauɗa ta daɗe ƙara sabulu ake yi. Na sayi huɗu.

Motar a ƙofar gidanmu take kwana. Da azahar, da Baba ya tafi salla unguwa ta yi tsit, na fito da kujerar tsakar gida na taka, na buɗe tankin, wanda man cikinsa ko rabi bai kai ba, na juye su duka. Har murmushi nake yi ina hango ranar da zan ce masa ga abin da marigayi bai sani ba. Kwalaben na cusa su a ƙasan akwatina.

Washegari motar ta mutu a tsakiyar hanya, nesa da gari, rana tsaka, da kaji dubu da ɗari biyu a keji. Babu inuwa, babu ruwa. Waɗanda suka wuce sun ce sun ga dattijon yana sauke kejin shi kaɗai yana yi musu fifita da rigarsa. Kafin a samo wata mota fiye da rabi sun mutu. Mai gona ya ce kada ya sake ganin tayarmu a ƙofarsa.

Aka jawo ta gareji, ni da Baffa muka je. Bakanike ya yanka filta, wato matatar mai, a gabanmu, ga wata baƙar laka ta toshe ta kamar kwata, famfon mai kuma ya ci kansa. Ya shinshina ya ce wannan ba tsantsar dizal ba ne, akwai warin kananzir. Nan take Baffa ya hau faɗa, a gaban makanikai da direbobi har da mai tallan ruwa, wai tsohon banza yana zuƙe man marayu yana sayarwa yana cike gurbin da kananzir, wai dama ya daɗe yana zarginsa. Baba bai ko kalle shi ba. Ni ya juyo ya kalla, ya ce, "Hajiya, ke ma kin yarda na yi?"

Malam, ka san abin da ya fito daga bakina? Na ce, "Ni mace ce, Baba, me na sani a harkar mota?"

Ya ciro makulli ya miƙo mini da hannu biyu, ya ɗauki butarsa da bargonsa daga bayan kujera, ya tafi a ƙasa.

Yau sati bakwai ke nan. Ba wanda ya ba shi mota. A tasha sun canja masa suna, yanzu Baba Kananzir suke cewa, in ya zo wucewa wani ya tambaye shi ko akwai na fitila. Shekaranjiya matarsa ta zo gaishe ni kamar yadda ta saba. Ta ce ya kwanta, hawan jini, gefen bakinsa ma ya ɗan karkace. Sai a bakin ƙofa, tana sa takalmi, ta ce ya faɗa mata tun safiyar ranar da motar ta mutu ya tsinci marfin kwalba a ƙarƙashin tanki, ya kuma ji warin, amma ya ce bakinsa ba zai tona matar marigayi a gaban ƙanin marigayi ba. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi in gaida yara.

In na faɗi gaskiya Baffa zai tara dangi ya karɓe motar, ya ce ga abin da yake faɗa, kuma babbar 'yata da ke ganina kamar dutse ban san da wane ido za ta kalle ni ba. Shin ba zan iya mayar da shi aiki kawai in ce na yafe masa ba? Ko in riƙa aika masa abinci da magani a ɓoye? Kuma don Allah ka bincika mini, ko maganin nan jabu ne, ya zama laifin mai shago ne?

Wadda ta yi shiru a gareji

*

Hajiya, mun karanta takardarki da natsuwar da ta dace da shari'ar da ta haɗa inji da dangi da gawar kaji ɗari shida da 'yan kai. Za mu fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ƙofar bayan da kika bari a buɗe ko za ki samu ki sulale.

Mun tuntuɓi manyan littattafan injiniyoyi, mun kuma tuntuɓi wani bakanike wanda hannunsa ya fi littattafan baƙi, bakinsu ya zo ɗaya. Maganin wanke nozul ba ƙarya ba ne, amma ba waliyyi ba ne. Yana narkar da 'yar dauɗar da ta fara taruwa, in an zuba shi daidai awo a tanki mai tsabta. Ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye sabo. In kuwa aka juye kwalba huɗu a rabin tsohon tanki, to an aika runduna ta tayar da lakar shekaru daga barcinta, lakar kuma ba ta da hanya sai ta filta. Ƙari a kan haka, yawansa yana iya tsinka dizal ya rage masa santsin da famfo ke rayuwa da shi. Tarihin ɗan Adam, tun daga masu haɗa jiƙo na zamanin da har zuwa masu farar riga, cike yake da mutanen da aka ce su sha cokali ɗaya suka sha kofi don su warke da wuri. Kin shiga tsohuwar ƙungiya mai ɗimbin jama'a. Mai shago ya faɗa miki awo, saboda haka mun sallame shi, ya koma ya ci gaba da jawo wa mutane kujera.

Adalci ya wajabta mu ce ba ke kaɗai ke da kaso ba. Dattijon da ya shekara biyu yana rufe bakin uwar gida da sunan mamaci bai kyauta ba, domin mamaci ba ya sayen taya. Kuma direban da ya ji baƙon wari a tankinsa ya tayar da mota ya loda rayuka, kunyarsa ta yi tsada. Da ya kira ki gefe da safen nan da kajin sun isa kasuwa sun mutu mutuwar da aka tsara musu. Bakanike ya yanke hukunci da hanci, alhali maganin ne ke warin kananzir. Baffa kuwa ya zo gareji da hukuncinsa a aljihu, shaida kawai yake nema.

Amma duk waɗannan kuskure ne, zuba maganin ma kuskure ne, irin wanda ake gyarawa da sifana. Abin da kika yi a gareji shi ne ba kuskure ba. Shekara biyu kina yaƙi da masu cewa mace ba ta san mota ba, ranar da maganar ta zama mafaka sai kika shige cikinta kika ja ƙofa, kika bar tsoho a waje. A nan muka ajiye alƙalami na ɗan lokaci, domin ba mu samu abin dariya a wurin ba.

Batun ki ce kin yafe masa, muna roƙonki kada ki kuskura. Yafe wa mutum satar da bai yi ba, buga hatimi ne a kan cewa ya yi. Abinci a ɓoye kuwa ki aika, yana buƙata, amma ki sani ba yunwa ce ta karkata masa baki ba.

Ga abin da muka yanke. Ki fara da babbar 'yarki, ki zaunar da ita ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a bakin Baffa. Za ta ji ciwo, amma yaro ya fi jure uwar da ta yi laifi ta faɗa a kan wadda ya gano daga baya. Ki tafi da ita gidan dattijon, ki durƙusa, ki faɗi abin da kika yi ba tare da kin ambaci marigayi ko mai gona ko mai shago ba. Daga nan ki kwaso kwalaben ki kai wa bakanike ya shinshina, tunda hancinsa ne kotun ƙoli a unguwar. Sa'an nan ki kira Baffa zuwa garejin nan dai, a lokacin da ya fi cika, ki maimaita da muryar da mai tallan ruwa zai ji. A bainar jama'a aka tuɓe masa mutunci, ba a cikin ɗaki za a mayar masa ba. Ki roƙi direbobi biyu su kai maganar tasha. Za su kai ko ba ki roƙa ba.

Game da motar, ba za mu yi miki ƙarya ba, Baffa zai tara dangi, kuma zai yi jawabi mai tsawo. Ki riga shi zuwa wurin babban da dangin ke jin maganarsa. Ki ce kin yi kuskure a kan inji, kin yi zalunci a kan mutum, kin kuma zo da ƙafarki kin faɗa. Ki tuna musu cewa dukiyar marayu ba ta komawa hannun wanda ya fi kowa ɗaga murya, musamman wanda ya kira amintaccen shekara goma sha tara ɓarawo a kan shaidar hanci. Mai yiwuwa su bar miki, mai yiwuwa su sa miki mai duba. In ma sun karɓa, mota ce, ana ƙera irinta kullum. In sun bar miki, a wanke tanki, a canja filta, a kai nozul wurin masu gwada su da na'ura, kuma daga yau duk ruwan da zai shiga tankin nan ya shiga da sanin mai tuƙa shi.

Kada ki sa ran zai dawo aiki, kada ma ki sa ran zai yafe a zaman farko. Wannan nasa ne, ba naki ba. Naki shi ne gaggawa. Mutumin da hawan jini ya fara taɓa wa baki ba a yi masa alkawarin mako mai zuwa. In kika yi jinkiri, za ki faɗi gaskiyar nan dai wata rana, amma a tsakar gidansa za ki faɗe ta, ga matarsa, mutane na zaune a tabarma, shi kuwa ya tafi da sunan da 'yan tasha suka ba shi. Ki ninke jaridar nan, ki kira 'yarki, ki tafi yau.

Allah ya ba dattijon lafiya, ya ja kwanansa har ya ji da kunnensa, ke kuma ya ƙarfafa miki gwiwa, ya raya miki yaran nan.