Ni Na Zuba Ƙwayoyin Matar Ɗana a Masai

Salamu alaikum. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, da murya na aiko, ku rubuta yadda na faɗa, ku ɓoye sunana. Mai zagi ya bari in kai ƙarshe.

Shekara uku ke nan aka yi wa matar ɗana aiki a Madawa, aka ce mini apandisit ne, wani ciwon hanji, ɗana ya koma ci-rani Abijan. Ni idona ba ya barci a gidana. Ƙarƙashin katifarta na ga ƙwayoyi jere cikin kwali, ɗaya kowace rana, sak irin na hana haihuwa da ake ba mata. Jika guda gare ni, in zura ido? Na zuba su masai. Ta sayo wasu, na zuba. Sau huɗu, har ta daina.

Watan jiya ta zame a garkar albasa wajen Galma, faɗuwar da ko ni zan tashi in kaɗe zane, sai ƙugu ya karye. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya ce kamar na tsohuwa. Ashe mahaifa da gidan ƙwai aka cire mata! Ya ce ƙashi na da 'yan ƙofofi da kalsiyom, abin da ke sa shi tauri, ke shiga yana fita. Ormon, sinadarin da gidan ƙwai ke yi, shi ke gadinsu, ƙwayoyin nan kuwa su ne madadinsa. Babu mai gadi, ƙashi ya zube.

Na ji kunya, ban musa ba. Amma wa ya ɓoye mini? Don ban iya karatu ba sai a mai da ni turmin tsakar gida? Da sun gaya mini, wallahi da hannuna zan riƙa ba ta.

Ɗana ya dawo yana yi mata faɗa: "Ke wace irin sakarya ce? Don mi kika bar magani?" Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mantuwa ce." Ya rantse da ta miƙe gidansu za ta, Buza.

Jiya ina gasa mata ƙafa ta ce, "Inna, ki bar shi a haka."

Ban taɓa durƙusa wa ɗan da na haifa ba. Amma yarinyar nan ba za ta bar gidana da laifina a kanta ba. In faɗa masa a ɗaki, ko in tara iyayenta su ma su ji? Mi za ni yi?