Muryar Abban Nafeesa da Muka Goge

Lugbe, Abuja

Zuwa ga Yaya Fadima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan alhamdulillahi, Hanif ya koma makaranta, ni ma na koma ofis tun da na fita takaba.

Yaya, na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina. Kin san Nafeesa kimiyyar kwamfuta take karanta. Malaminsu ya ce kowa ya saka manhajojin Linux da Python a kwamfutarsa, don da su za su riƙa rubuta aikin aji. Sai na ɗauko mata ta Abbanta, wadda ban buɗe ba tun rasuwarsa. Ta ce sakawar za ta share duk abin da ke ciki, don haka mu fara kwashe masu amfani. Muka kwashe hotuna da takardun gida. Saura wasu fayiloli masu lambobi, babu suna. Kin san halin ƙaninki, shekara ashirin a ma'aikata ta sa ko rasit ɗin gas sai ya ba shi lamba. Ta tambaye ni har sau biyu, na ce tarkacen ofis ne, ta share. Ni da bakina na faɗa, ban ko leƙa ba.

Komai ya zauna daidai, yarinya har da tsalle. Bayan kwana uku na ga littafinsa na aljihu, inda ya rubuta abin da kowace lamba take nufi. Ashe hirarrakin da ya ɗauka da Hajiya mahaifiyarku ne kafin ta rasu, tana ba shi tarihin gidanku, da karatunsa na Alƙur'ani da yake ɗauka duk azumi. Na kai wa mai gyara a Wuse, ya duba ya ce sabon ya riga ya hau kan tsohon, sai haƙuri.

Wallahi abin ya fi ƙarfina. Nafeesa ta rufe kwamfutar, ta ce ba za ta ƙara taɓa ta ba, ga shi ranar Litinin za su miƙa aikin farko. Na ce mata laifina ne, ta ƙi ji, wai yatsanta ne ya danna.

Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki. Sannan ki duba wayarki, ko akwai saƙon muryarsa da ya rage, ko na gaisuwar Juma'a ne. Jiya Hanif ya tambaye ni yadda Abbansa yake kiran sunansa, na buɗe baki in kwaikwaya, na kasa tunawa.

Ki gaishe min da Alhaji Manniru, da Kauthar, da Amir. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu.

Taki,
Lubna