Na Sa Rigar Yaye, Amma Saura Kwas Ɗaya

Anti Ofelia, don Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a, domin murna da fargaba sun haɗu sun hana ni cin abinci.

Bari in fara da mai daɗin. Jami'ar jiharmu ta ɗauke ni, kuma aji uku zan shiga kai tsaye, in karanci koyarwa. Ni da na bar makaranta ina da shekara goma sha bakwai, na yi shekara goma sha huɗu ina tantance tuffa a ma'aikatar shirya kaya a nan kwarin Yakima. Ranar da saƙon ya shigo wayata ina bakin aiki, na karanta shi sau shida, sai da matar da ke kusa da ni ta zungure ni wai ruɓaɓɓu suna wucewa. Shekara uku na yi a kwalejin garinmu ina bin ƙaramin digirin nan na shekara biyu, yau kwas ɗaya, gobe biyu. Har yanzu in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a mota.

To ga inda na kwafsa. Ana buƙatar kwas ɗaya na kimiyya mai ɗakin gwaje-gwaje. Ni kuwa da wayona na zaɓi na ilimin duwatsu wanda ake yi ta intanet, ina cewa kimiyya ai kimiyya ce. Ban tambayi kowa ba, kunya nake ji in yi ta zarya ofis kamar wadda ba ta gane komai. Sai a watan Afrilu Madam Halvorsen, mai ba ɗalibai shawara, ta duba takarduna ta ce wannan bai cike gurbin ba, tunda ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce tunda saura ɗaya ne, an yarda in shiga bikin yaye tare da kowa, in cike a zangon bazara. Jami'a kuma sharaɗinta ke nan: ta ga digirin ya kammala kafin a buɗe karatu, in ba haka ba gurbin ya tafi.

Na sa riga, na sa hula, na hau dandamali aka miƙo mini fayil na fata mai tambarin kwaleji. Kin san babu komai ciki, kowa ma haka ake ba shi, takardar daga baya take zuwa. Babana, Don Eusebio, bai sani ba. Ya yanka akuya biyu, Mama ta yi tamales, wato ƙullin masara mai nama da ake turarawa a ganye, har maƙwabta suka gaji da ci. Ya karɓe fayil ɗin ya kulle a kabad ɗin gilashi, wai hannun kowa da maiƙo, kada wanda ya taɓa. Ƙanena Rigoberto yana ta tsokanata da Farfesa, wai yanzu ko gishiri zai miƙo mini sai ya cika fom.

Matsalar ita ce ceri, ɗan itacen nan ja da ake nomawa a yankinmu, ya nuna. Baba ne shugaban masu tsinka a wata gona, gwiwarsa kuma ta lalace. Tun bara na yi masa alkawari da bakina cewa da na gama, kakar bana tawa ce: ni zan tuƙa motar ma'aikata, ni zan riƙa magana da mai gona tunda Turancinsa bai nuna ba. Kwas ɗin kuwa sati takwas ne, Litinin zuwa Alhamis, da safe, daidai lokacin tsinka, don ceri ba ya jiran rana ta take. Juma'a ake rufe rajista. Wallahi ina son jami'ar nan kamar raina, amma ta yaya zan dubi mutumin da ya yi kukan murna a gaban jama'a ranar bikin in ce masa ban gama ba? Ko in roƙi jami'a ta jira ni zuwa baɗi?

Ɗiyar Mai Ceri

'Yata,

Barka da arziki. Daga layin tuffa zuwa aji uku na jami'a ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan bari damuwa ta cinye miki wannan daɗin ba.

Yanzu aiki. Ki yi rajistar kwas ɗin yau, ba Juma'a ba, domin kujerun ɗakin gwaje-gwaje kaɗan ne. Kafin ki danna komai, ki kai wa Madam Halvorsen lambar kwas ɗin ta tabbatar shi ne ake nema. Rashin tambaya ne ya kawo ki nan, kada ki maimaita. Sannan ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar, ki ce sakamakonki na ƙarshe zai fito a watan Agusta, su amsa miki a rubuce cewa ya yi. Ki kuma tambayi kwalejin ko akwai fom na neman a fitar da digirin, don ba ko'ina yake fitowa da kansa ba. Maganar jira zuwa baɗi, ban ba ki goyon baya ba. Ba kowace jami'a ke ajiye gurbi ba, kuma na ga mata da yawa da suka ce baɗi, yau 'ya'yansu ne ke rubuto mini.

Amma babanki ma yana da gaskiyarsa. Alkawari kika yi, ya kuma tsara kakarsa a kai. Don haka kada ki je masa da kuka kaɗai, ki je da shiri. Juma'a, Asabar da Lahadi naki ne a gona. Maganar mai gona ana yin ta ta waya da rana. Tuƙin motar safe na kwana huɗun da kike aji kuwa, Rigoberto mai bakin tsokana ya gwada mana ko hannunsa ya kai bakinsa.

Ki faɗa wa Baba yau, ke da kanki, kafin ya ji a wani wuri. Ba ƙarya kika yi a dandamali ba, kwaleji ce ta kira sunanki. Shirun da kika yi bayan nan shi ne laifin, kuma kullum ƙara nauyi yake. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu ba ya kula ki. Ki jure. Na san irin waɗannan iyayen, nawa ma haka yake. Mutumin da ya ƙarar da gwiwarsa a gonar wani ba don ki gaje shi a can ya yi ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya gano nan gaba cewa kin ajiye jami'a saboda shi, ba ki ko ba shi damar ya ce ki tafi ba.

Allah ya ba ki sa'a, ya ba Baba lafiya, Malama.

Anti Ofelia