Ɗakin da Na Ba Maitama Haya

Ni Dinatu, matar marigayi Sulemanu na Malumfashi, na rubuta wannan da hannuna a watan Nuwamba na 1984. Ciwo ya ci jikina amma bai taɓa hankalina ba, kada wani ya ce zafin zazzaɓi ne. Zuwa gare ku 'ya'yana, Abraham da Rahab da Yunis.

Na ɗaya. Maitama, wanda kuke kira Baffa, ba ƙanin ubanku ba ne. Ɗan haya ne. Ku zauna ku sake karantawa.

Shekarar da ubanku ya rasu, Abraham yana da shekara tara, dawa ta ƙare mana tun kafin damina. Maƙwabciyarmu Hansai ta kawo mini wani ma'aikacin awon auduga mai neman ɗaki, na ba shi ɗakin zaure a kan naira uku a wata. Sai tsoro ya kama ni: gwauruwa da baƙon namiji a gida, me za a ce a coci? Ga masu karɓar haraji suna bi gida gida suna rubuta masu ba da haya. Na je gaban mai unguwa da dattawan coci na ce ƙanin mijina ne daga Mahuta. Dangin ubanku sun yanke shi tun da ya zama Kirista, babu mai ƙaryata ni. Ban rubuta takarda ba, ban taɓa ba shi rasit ba. Kai, wauta!

Na biyu. Da aka zo sa wa gidaje lamba, ina gona. Aka tambayi namijin gida, aka nuna shi. Tun ran nan takardar harajin gidan nan da sunansa take fitowa, yana biya yana adana rasit. Bara ya daina ba ni haya, ya fara maganar kawo iyalinsa ɗakin tsakiya. Na je wurin wani magatakardan kotu a ɓoye. Ya ce in ɗan haya ne, ina shaida, kuma ina harajin kuɗin haya na shekara goma sha ɗaya? In kuwa ƙanin miji ne, ai yana da baki a gidan wansa. Na dawo na kwanta, ko'ina na juya, bakina ne ya ɗaure ni.

Na uku. Ku kai takardar nan ga mai unguwa da dattawan coci, a karanta a fili. Za a ce Dinatu ta ƙungiyar zumuntar matan coci maƙaryaciya ce. To, gaskiya ne. Ni na kasa faɗa ina raye, kunya ta fi ƙarfina. Ku tafi da Hansai tun tana da sauran ƙarfi, ita kaɗai ta ga farkon abin.

Na huɗu. Ku sayar da keken ɗinkina ku biya hukuma abin da na ɓoye, a mai da sunan gida na ku uku. Gonar hanyar Bakori ta Yunis ce, shi ke nomanta. Rahab ta ɗauki littafin waƙoƙina da tukwane.

Na biyar, kai nake nufi, Abraham, na san zuciyarka. Kada ka watsa masa kaya waje, doka ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba. A ba shi wa'adi a rubuce, ko ya zauna da takardar haya da shaidu biyu. Mutumin nan shi ya goya Yunis zuwa asibiti lokacin ƙyanda, shi ya tsaya wa Rahab ranar aurenta. Ina jin haushinsa, kuma ba na iya tsine masa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da za ku ci ba da ƙarya ba. Ku riƙe juna da kyau, kada gidan nan ya raba ku, don daga yau ba ku da kowa ta wajen uba sai ku uku. Ku gafarta mini.