Saura Gurbi Uku

Litinin, 3 ga Maris

Gwajin aikina ya kusa ƙarewa, har yanzu Manaja bai ce uffan ba. Ni rubutu aka ɗauke ni in yi wa shafin intanet na makarantar koyon sana'a, amma fayilolin nan a cakuɗe suke. Ga jimlolina, ga layukan kod a tsakaninsu cikin lanƙwasassun baka, waɗanda kwamfuta ke aiwatarwa duk sanda wani ya buɗe shafin. Dogo, mai kula da kod ɗin, ya ce, "Ki rubuta naki, ki tsallake nawa." To, na ji.

Laraba, 5 ga Maris

Ban tsallake ba, ni da shegen bin diddigi. Ƙarƙashin jimlata ta "Yi rajista yau" akwai layin da ke nuna wa mai karatu "saura gurbi uku". Na sabunta shafin, ya ce biyar. Na sake, ya ce biyu. Na tambayi Dogo inda layin ke samo adadin. Dariya ya yi, wai da ka yake zaɓa tsakanin biyu da biyar. Ajin kuwa ko rabi bai cika ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ni na rubuta layin ba. Amma sunana ne a ƙasan shafin.

Lahadi, 9 ga Maris

Kawu ya zo gida bakinsa har kunne. Ya cire ɗansa daga garejin da yake koyon gyaran mota, ya yi masa rajista a wajenmu, har da ɓatawa da mai garejin. "Saura gurbi biyu na gani, 'yata. Da na ga sunanki ban tsaya shawara da kowa ba." Mama sai sa min albarka take. Na tashi na kawo masa ruwa. Kunya kamar in nutse.

Talata, 11 ga Maris

Na goge layin da safe. Ashe na bar ɗaya daga cikin lanƙwasassun bakan a baya, shafin gaba ɗaya ya koma fari fat. Kafin in kira Dogo, Manaja na tsaye a bayan kujerata. Dogo ya mayar da komai, ya ce kuskurensa ne, Allah Ya saka masa. Manaja bai ko kalle shi ba. "Jimlolinki na da daɗi," in ji shi, "amma ba su ke cika aji ba." Ya ba ni shafin ajin yamma in haɗa ni kaɗai, rubutu da kod, kafin Juma'a. Na gane abin da yake nufi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira Kawu don in faɗa masa gaskiyar gurbin. Muka gaisa, na tambayi lafiyar ƙafarsa, na kashe.

Juma'a, 14 ga Maris

An tabbatar min da aikin. Mama ta yi ta murna.

Layin ajin yamma ni na rubuta, ban kwafi na Dogo ba. Na sa shi ya riƙa tuna mai karatu, in ya nuna masa huɗu yau, gobe ya nuna uku, kada adadin ya hau a gane. Bugu ɗaya ya yi aiki. Dogo ya leƙo ya ce nawa ya fi nasa tsafta.

Na ji daɗin yabon. Kaɗan dai.